Wanda Ya Ɗinka Dafaffen Fayil A Manhajarsa, Shi Ke Da Alhakinsa

A ƙarshen watan Maris na 2024, wani injiniyan kamfanin Microsoft mai suna Andres Freund, wanda aka fi sani da aiki a kan rumbun bayanai na PostgreSQL, ya lura cewa shiga kwamfutarsa ta hanyar SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Mutane da yawa za su ɗora wa intanet laifi su wuce. Shi kuwa ya bi diddigi, har ranar 29 ga watan ya sanar da abin da ya gano: an buɗe ɓarauniyar hanya a cikin xz, wata ƙaramar manhaja ta matse fayiloli da kusan kowace kwamfuta mai Linux ke ɗauke da ita. Nau'i na 5.6.0 da 5.6.1 ne abin ya shafa, kuma da sun kai ga yaɗuwa, da wanda ya dasa ta ya sami damar shiga ɗimbin sabobin intanet ba tare da an buɗe masa ba.

Abin da ya fi dacewa matashi mai koyon gina manhaja ya tsaya a kai shi ne yadda aka shigar da cutar. Ba a rubuta ta a fili cikin kod ɗin da kowa ke karantawa ba. An riga an sarrafa ta zuwa harshen inji, aka ɓoye ta cikin wasu fayilolin gwaji da ba wanda ke buɗewa. A lokacin gina manhajar, wani ɗan rubutun umarni ne ke zaro ta a matsayin fayil mai ƙarewa da .o, ya miƙa ta a haɗa da sauran laburaren liblzma kamar ita ma ’yar gida ce.

Wannan haɗawar ba baƙon abu ba ce. Abu ne da masu gina manhaja ke yi kullum da hannunsu: a sami fayil ɗin .o ko .a da wani ya gina, a jefa shi cikin aiki, a ƙara layi biyu a fayil ɗin gini, abu ya tashi, a ci gaba. Hanyar tana da amfani, kuma ba za a daina bin ta ba. Amma duk wanda ya ɗinka irin wannan fayil cikin manhajarsa ya ɗauki alhakin duk abin da ke cikinsa, wanda ya sani da wanda bai sani ba, kuma masu wayar da suka sauke manhajar su ne za su biya idan ya yi sakaci.

Yadda ake haɗa manhaja

Mai rubutu da harshen C ko C++ yana tsara umarninsa a fayilolin da mutum zai iya karantawa. Wannan shi ne ɗanyen kod. Waya ba ta jin wannan yare, don haka ake ba wata manhaja da ake kira kompaila, irin su GCC ko Clang, ta juya kowane fayil zuwa harshen inji. Abin da ke fitowa shi ne fayil mai ƙarewa da .o a Linux da Android da na'urorin Apple, ko .obj a Windows. Shi ake nufi da dafaffen fayil. An gama sarrafa shi, amma bai zama manhaja ba tukuna, domin akwai guraben da ba a cike ba a cikinsa. Idan kod ɗin ya kira wani aiki da ke cikin wani fayil dabam, kompaila sunan aikin kawai take rubutawa, ta bar gurbin adireshinsa.

Idan dafaffun fayiloli suka yi yawa, sai a ɗaure su wuri ɗaya da wata ’yar manhaja mai suna ar. Misali, umarnin ar rcs libhoto.a karanta.o rubuta.o zai haɗa fayiloli biyu cikin ƙunshi ɗaya. Wannan ƙunshin mai ƙarewa da .a, ko .lib a Windows, shi ne kafaffen laburare. Ba wani sihiri a cikinsa: tarin fayilolin .o ne da jerin sunayen ayyukan da kowanne ke ɗauke da su.

Aikin ƙarshe na linka ne. Ita ke bin guraben nan ɗaya bayan ɗaya, ta nemo inda kowane suna yake, ta cike adireshi. Idan ta sami sunan a cikin kafaffen laburare, sai ta kwafi fayil ɗin .o da ke ɗauke da shi ta dasa shi cikin manhajar da ake ginawa. Daga nan ya zama jikin manhajar. Akwai kuma laburaren tarayya, mai ƙarewa da .so ko .dll, wanda shi ba a kwafe shi. Yana zaune a gefe, sai manhaja ta tashi aiki sannan ta ɗauko shi.

Tela zai gane bambancin nan da sauri. Laburaren tarayya kamar hula ce: in ta tsufa, a cire a sa wata, riga na nan yadda take. Kafaffen laburare kuwa kamar aikin wuya ne da aka saya a wani shago aka ɗinke a jikin rigar. In zarensa ya fara zuba, sai an mayar da rigar wurin tela an farke.

Mai waya na iya cewa wannan bai shafe shi ba, tunda yawancin manhajojin Android da Kotlin ko Java ake rubuta su. Amma ɓangarorin da ke buƙatar sauri, kamar kunna bidiyo, kiran murya, buɗe hoto, wasanni da ɓoye saƙo, galibi da C ko C++ ake yin su ta hanyar kayan aikin Google da ake kira NDK. Fayil ɗin APK ba komai ba ne illa ƙunshin zip. Wanda ya buɗe shi zai ga wata jaka mai suna lib, a cikinta akwai fayilolin .so. Abin da ba zai gani ba shi ne kafaffun laburaren da suka narke cikin waɗannan fayiloli, ba tare da sunansu ya bayyana a ko'ina ba.

Abin da ke jan mutane

Ya kamata a yi adalci: masu ɗaukar dafaffen fayil ba ragwaye ba ne. Gina babban laburare irin FFmpeg ko OpenCV daga ɗanyen kod, kuma a maimaita shi ga kowane irin injin waya, aiki ne mai cin lokaci da data da batir. Ga matashin da ke aiki da tsohuwar laftof, yana lissafin kowace gigabait, wuta kuma na iya ɗaukewa a tsakiyar gini, fayil ɗin .a da aka riga aka gama kamar ruwan sanyi ne. Masu OpenCV da kansu suna raba kayan Android ɗinsu a dafe, har da kafaffun laburare.

Haɗawa ta dindindin ma tana da nata alheri. Manhajar ba ta dogara da abin da za ta tarar a na'urar mai amfani ba, don haka ba a cika jin cewa ta yi aiki a wannan kwamfuta ta ƙi a waccan. Linka tana ɗaukar abin da ake buƙata kawai ta bar sauran, wanda hakan kan rage girman manhaja. Wannan sauƙin na cikin dalilan da suka sa harshen Go ya yi farin jini a wajen masu sabobin intanet, domin yakan fitar da fayil ɗaya tilo da za a kwafa a kunna.

Sannan akwai lokacin da ba zaɓi. Kamfanonin da ke yin kayan tantance fuska ko yatsa, ko na'urar karɓar kuɗi, ko tallace-tallace a cikin manhaja, sau da yawa ba sa ba da ɗanyen kod ɗinsu. Dafaffen fayil da fayil ɗin .h mai bayyana sunayen ayyuka kawai suke bayarwa. Ko a karɓa a haka, ko a haƙura da aikin.

Farashi na farko: dacewa

Duk wanda ya taɓa gwada haɗa baƙon laburare ya san saƙon nan na “undefined reference to” da linka ke jefowa, ko LNK2019 a Visual Studio. Ma'anarsa ita ce akwai gurbin da ta rasa abin cike shi. Sau da yawa laburaren yana nan, jerin ne aka juya. Linkar GNU tana karanta umarni daga hagu zuwa dama, kuma daga cikin .a tana ɗaukar abin da aka riga aka nema ne kawai kafin ta iso wurin. Shi ya sa gcc babba.o -L. -lhoto ke aiki, amma in aka sa -lhoto kafin babba.o sai ta wuce laburaren ba ta ɗauki komai ba, daga baya ta yi ƙorafi. Wani lokacin kuma laburaren C ne ake kira daga C++. Harshen C++ yana ƙara wa sunayen ayyuka wasu haruffa a ɓoye, don haka sai an kewaye sanarwar da extern "C" kafin sunayen su haɗu.

Bayan wannan sai batun injin waya. Dafaffen fayil an dafa shi ne don inji iri ɗaya. NDK ta daɗe tana gina wa iri huɗu: armeabi-v7a, arm64-v8a, x86 da x86_64. Tun 1 ga Agusta 2019 Google Play ya wajabta wa manhajoji masu kod ɗin C su zo da nau'in 64-bit, kuma wayar Pixel 7 ta 2022 ba ta karɓar manhajar da ke da 32-bit kawai. A ɗaya gefen, akwai ƙananan wayoyi masu arha, musamman masu Android Go, da har yanzu 32-bit suke amfani da shi, kuma irin su sun cika kasuwannin waya daga Farm Centre ta Kano har Yamai. Wanda ya sami .a na arm64-v8a kaɗai ya rufe ƙofa ga masu waɗannan wayoyi, kuma ba shi da yadda zai gyara, tunda ɗanyen kod ba ya hannunsa.

Lokaci ma yana ɓata dacewa. A 2018, fitowar NDK r18 ta cire kompailar GCC da tsofaffin laburaren C++ na gnustl da STLport, aka bar libc++ kaɗai. Waɗanda ke riƙe da dafaffun fayilolin C++ da aka gina da gnustl sun tsinci kansu tsakanin abu biyu: su maƙale a tsohuwar NDK, ko su je su roƙi wanda ya gina fayil ɗin ya sake ginawa, in yana nan kuma in ya ga dama. Masu gina manhajar iPhone sun ga irin haka a 2020 da Apple ya fito da kwamfutoci masu M1, inda tsofaffin kafaffun laburare suka ƙi haɗuwa da na'urar gwajin iPhone da ke cikin sabbin kwamfutocin.

Duk da ciwon kan da suke jawowa, waɗannan kurakurai masu ihu rahama ne, domin suna tsayar da aiki kafin ya isa hannun jama'a. Wanda ya fi haɗari shi ne mai shiru. A harshen C, linka suna kawai take dubawa. Idan fayil ɗin .h na wani nau'in laburare ne, .a kuma na wani nau'in dabam, kuma an ƙara wa wani tsarin bayanai fili ɗaya a tsakaninsu, komai zai haɗu lafiya lau. Sai manhajar ta fita, ta riƙa rubutu a wurin da ba nata ba cikin ƙwaƙwalwar waya, ta mutu yau a wannan waya, gobe a waccan, ba wanda ya san dalili.

Farashi na biyu: rauni da ya daskare

Babu laburaren da ba ya da kuskure. Tambayar ita ce, ranar da aka gano kuskuren, wa zai gyara kwafin da ke cikin manhaja?

Wannan darasi ya daɗe. A watan Maris na 2002 aka gano rauni a zlib, laburaren matse bayanai, aka fitar da nau'i na 1.1.4 don gyarawa. Manhajojin da ke amfani da shi a matsayin laburaren tarayya sun warke da sabuntawa ɗaya. Amma da yawa sun kwafe shi cikin jikinsu, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana laluben inda ya ɓuya. Irin wannan wahala ce ta sa dokokin Debian ke hana manhaja ɗaukar kwafin laburaren da tsarin ya riga ya tanada.

A watan Afrilu na 2014 sai ga Heartbleed a cikin OpenSSL, laburaren da ke ɓoye sadarwa tsakanin na'ura da saba. Nau'o'in 1.0.1 zuwa 1.0.1f ne ke da raunin, aka gyara a 1.0.1g. Gyaran ya fito rana ɗaya da sanarwar, amma manhajojin waya da ke ɗauke da nasu kwafin OpenSSL sun ci gaba da yawo da tsofaffin nau'o'i, har ta kai Google Play ya riƙa aika wa masu su gargaɗi, daga baya ya fara ƙin karɓar manhajar da ba a sabunta laburaren ba.

Na kusa-kusa shi ne libwebp a watan Satumba na 2023. Shi ne laburaren da ke buɗe hotunan WebP, tsarin da sitika ta WhatsApp da hotunan shafuka da yawa ke amfani da shi. An gano cewa hoto ɗaya da aka ƙera da mugun nufi zai iya sa laburaren ya yi rubutu a wajen iyakarsa, kuma Google ya tabbatar cewa an riga an fara amfani da raunin wajen kai hari. Chrome da Firefox sun fitar da gyara cikin ’yan kwanaki, libwebp ya koma 1.3.2. Sai dai laburaren yana cikin manhajoji masu ɗimbin yawa, kowace da nata kwafin, kuma kowace sai mai ita ya sake ginawa ya sake fitarwa.

A nan akwai abin da ya kamata mai waya ya sani. Sabunta tsarin Android ko iOS yana gyara laburaren da ke cikin tsarin ne kawai. Ba ya taɓa kwafin da ke cikin manhaja, ko kafaffe ne ko .so ne da aka cusa cikin APK. Wayar da ke nuna cewa tsaronta na wannan watan ne tana iya ɗauke da manhajar da laburarenta ya shekara biyar ba a taɓa shi ba. Mai gina manhajar da ya ɗauki wani .a a 2021 bai rubuta ko wane nau'i ba ne, ba zai ma san cewa labarin da ake yi a 2023 ya shafe shi ba.

Farashi na uku: abin da ido ba ya gani

Raunin zlib da OpenSSL da libwebp kuskure ne na ɗan Adam. Akwai kuma na ganganci, kuma dafaffen fayil shi ne maɓoyar da ta fi dacewa da shi, tunda ba a karanta shi kamar rubutu.

A watan Satumba na 2015 aka bankaɗo XcodeGhost. Xcode ita ce manhajar Apple ta gina manhajojin iPhone, kyauta ce, amma tana da girman gigabait da yawa, kuma sauke ta daga sabobin Apple yana da jinkiri a ƙasar Sin a lokacin. Sai masu gina manhaja suka riƙa ɗaukar kwafi daga wuraren ajiyar fayil na cikin gida, inda ya fi sauri. Wasu daga cikin kwafin an ƙara musu wani dafaffen fayil da ke shiga duk manhajar da aka gina da su, ya riƙa tattara bayanan waya yana aikawa waje. Manhajojin sun tsallake binciken App Store, har da wani nau'in WeChat. Wasiƙun cikin gida na Apple da suka fito a shari'arsa da Epic Games a 2021 sun nuna cewa mutum miliyan 128 ne suka sauke manhajojin da abin ya shafa, su sama da 2,500.

Waɗanda suka faɗa wannan tarko ba ’yan koyo ba ne, ma'aikatan manyan kamfanoni ne. Abin da ya ja su shi ne jinkirin intanet da son a gama aiki. Duk matashin da ya taɓa karɓar kayan aiki a filas daga aboki, ko ya sauke laburare daga wani zauren Telegram don tattalin data, ya san wannan jarabawa daga ciki. Cinikin biri a sama ke nan: an karɓi abin da ba a gani ba, daga hannun wanda ba a sani ba, aka sa wa manhajar suna aka miƙa wa jama'a.

Labarin xz ya ƙara wani darasi. Mutumin da ya dasa cutar, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka wa aikin da gyare-gyare na gaskiya har aka amince masa aka ba shi ikon fitar da sabon nau'i. Ke nan ko a aikin da kod ɗinsa ke buɗe ga kowa, ɓangaren da ba a iya karantawa shi ne aka bi ta cikinsa.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce, ai ko an ba mutum ɗanyen kod ɗin FFmpeg ba zai karanta shi ba, layuka ne dubu ɗaruruwa. Gaskiya ne. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Unix, ya nuna tun a laccarsa ta lambar yabo ta Turing da aka buga a 1984 cewa ita kanta kompaila za a iya gurɓata ta yadda karanta ɗanyen kod ba zai tona komai ba. Babu inda amana ke ƙarewa gaba ɗaya.

Amma rashin cikakken tabbaci ba hujja ba ce ta rufe ido. Amfanin gina laburare daga ɗanyen kod bai tsaya ga karanta shi ba. Wanda ya gina da kansa ya san nau'in da yake riƙe da shi, ya san daga ina ya ɗauko, yana iya sake ginawa ran da aka fitar da gyara, ko ran da Google ya sauya ƙa'ida, ba tare da jiran kowa ba. Kuma ɗanyen kod da ke fili wasu idanu na kallonsa ko da nasa ba su kalla ba. Fayil ɗin .a da ya zo ta hannun wani ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Batun wahala ma ana yawan zuzuta shi. Gina laburare aiki ne da ake yi sau ɗaya a ajiye sakamakon, ba kullum ba. Wasu ma an tsara su don sauƙaƙa haka: SQLite, rumbun bayanan da ke cikin kowace wayar Android da iPhone, ana raba shi a fayil ɗaya mai suna sqlite3.c, wanda ake jefawa cikin aiki a gina tare da sauran kod. Ga wanda laftof ɗinsa ba ta da ƙarfi, GitHub na ba ayyukan da ke buɗe ga jama'a damar yin gini a kan kwamfutocinsa kyauta.

Akwai kuma batun lasisi da ake mantawa da shi. Laburare da yawa, ciki har da FFmpeg, suna ƙarƙashin lasisin LGPL. Wanda ya haɗa irin su ta hanyar dindindin a manhajar da bai buɗe kod ɗinta ba, lasisin ya ɗora masa nauyin bai wa masu amfani abin da za su iya sake haɗa manhajar da wani nau'in laburaren, wato nasa fayilolin .o. Idan kuma na GPL ne ya shiga, sharaɗin ya kai ga buɗe kod ɗin manhajar baki ɗaya. Wanda bai san abin da ke cikin .a ɗinsa ba, bai san alkawarin da ya shiga ba.

Abin da ya dace a yi

Ƙa'idar ba ta da wuya. Idan ɗanyen kod yana samuwa, a gina daga gare shi, a ajiye umarnin ginin cikin aikin domin a iya maimaitawa. Idan dole sai dafaffe, a ɗauko shi daga hannun masu shi kai tsaye, a gwada lambar SHA-256 ɗinsa da wadda suka wallafa, kada a karɓa daga hannu na biyu. Kafin a haɗa, a leƙa cikinsa: ar t zai jero fayilolin da ke ciki, nm zai nuna ayyukan da yake bayarwa da waɗanda yake nema daga waje, strings kuma kan tona lambar nau'i da adireshin intanet da aka binne. Laburaren gyara hoto da ke neman ayyukan buɗe hanyar sadarwa ya cancanci a tambaye shi dalili.

Sannan a buɗe fayil ɗaya a cikin aikin, a rubuta sunan kowane laburare, nau'insa, inda aka samo shi, lasisinsa da irin injin da aka gina masa. Wannan jerin kaya shi ake kira SBOM, kuma umarnin shugaban Amurka mai lamba 14028 na watan Mayu 2021 ya sa shi cikin abubuwan da ake nema daga masu sayar wa gwamnati manhaja. Mai aiki shi kaɗai ba ya buƙatar wani babban tsari. Layi goma a fayil ɗin rubutu sun isa su gaya masa, ran da wani labari ya fashe, ko manhajarsa na ciki. Idan kuma kamfani ne ya ba da rufaffen laburare, a tambaye shi tun kafin a fara: waɗanne laburare ne a cikinsa, wane inji yake tallafawa, kuma in an gano rauni, cikin kwana nawa zai fitar da gyara? Kamfanin da ya kasa amsa wannan ya riga ya ba da amsa.

Shi ma mai waya yana da nasa rabon. Sabunta manhajoji na cin data, shi ya sa da yawa ke kashe shi, amma ita ce kaɗai hanyar da gyaran laburaren da ke cikin manhaja ke isowa waya. Manhajar da ta shekara biyu ko uku mai ita bai taɓa ta ba, musamman in tana buɗe hoto, bidiyo ko saƙon da baƙi ke turowa, gara a nemi madadinta. Su kuma manhajojin da aka yi wa kwaskwarima ake yaɗa su ta Xender da zaurukan hira, da alkawarin ƙarin fasali kyauta, su ne dafaffen fayil mafi girma: ba a san wanda ya buɗe su ba, ba a san abin da ya ƙara ba, kuma su ake bai wa izinin hotuna, lambobin waya da saƙonni.

Mutumin da ya sauke manhajar ajiyar kuɗi ko ta hira bai san linka ba, bai taɓa jin .a ba, kuma ba lallai ne ya ji ba. Sunan da ya gani a Play Store shi ya amince wa. Ran da abu ya lalace, ba zai nemi wanda ya gina laburaren a wata ƙasa ba; mai wannan sunan zai nema, kuma yana da gaskiya.